Allura Ɗaya Kafin Wuƙa

'Yan'uwana mata, sau da yawa in an yi wa mace fiɗa an ciro jariri, sai dangi su ruga kantin magani su sayo kafso, wai don kada ɗinki ya ruɓe. Nufinsu alheri ne, amma sun makara. Ku saurara in gaya muku dalili.

Ƙwayoyin cuta suna zaune a fatar kowa, kome tsabtarsa. Da likita ya tsaga fata, sun sami ƙofa ke nan. In maganin kashe su yana cikin jini a wannan lokaci, sai ya tare su a bakin ƙofa. In kuwa sai bayan an ɗinke aka ba da shi, sun riga sun shige sun kama hayayyafa.

An gwada wannan a wani asibiti na birnin Salt Lake, a Amurka, kan mutum 2,847, aka bayyana sakamakon a 1992. Waɗanda aka yi wa allurar cikin awa 2 kafin a sa wuƙa, 6 cikin 1,000 ne mikinsu ya yi ruwa. Waɗanda aka jinkirta wa har fiye da awa 3 bayan an sa wuƙa kuwa, 33 cikin 1,000. Lokacin ba da maganin ne ya bambanta.

Mu abin ya fi shafa, gama a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a Afirka, cikin mata 5 da aka yi wa fiɗar haihuwa, har 1 takan sami ciwon miki. Shawararta ita ce a yi allurar cikin minti 120 kafin fiɗa, kada kuma a zarce da maganin bayan an gama. Shan kafso barkatai ba ya ƙara tsaro, sai dai ya sa ƙwayoyin su saba, har magani ya daina cin su.

To, ke da za a yi wa fiɗa, tambayi likita ko za a yi miki allurar kafin a fara. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Ki yi wanka da sabulu, kada ki aske wurin da reza, don ƙananan yanka mafakar cuta ne. Bayan kin koma gida, in kin ga mikin ya yi ja, ya kumbura, yana fid da mugunya, ko zazzaɓi ya kama ki, koma asibiti ran nan. Maganin da likita ya rubuta sa'an nan, shanye shi duka.

Allah ya sauke masu ciki lafiya, amin.