Uwargida, Hayaƙin Murhunki Har Huhun Goyonki Yake Kaiwa

Uwargida, dubi bangon madafarki. Baƙin da ya dafe shi, irinsa ne ke shiga ƙirjinki da na yaron da ke bayanki duk lokacin da kike hura wuta.

A Rijiyar Zaki da ƙauyukan Ungogo, da an gama girbi sai girki ya koma kan karan dawa da na gero. Ga hunturu da ƙurarsa, a rufe ƙofa da taga, a shigo da kaskon garwashi ɗaki. Wasu ma da leda suke kunna itace. Yaro kuwa ya fi babba saurin numfashi, hanyoyin iskarsa ƙanana ne, shi ya sa nimoniya ke saurin kama shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000.

Ki yi girki a tsakar gida da busasshen itace, ki sauke goyo kafin ki durƙusa gaban murhu. Kada garwashi ya kwana a rufaffen ɗaki, iskarsa na kisa ba tare da wari ba.

Idan yaro na tari, ƙirga numfashinsa na minti ɗaya yana kwance shiru. Daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ya yi yawa. Daga shekara 1 zuwa 5 kuwa, 40. Idan ya kai haka, ko ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa, ki kai shi asibiti ranar, kada ki tsaya jiƙe-jiƙe.

Allah ya raya mana su.