Amsa ga Mai Sauraro: Me Ya Sa Kwamfuta Take Rage Gudu da Rana?

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga Maruta, cikin ƙaramar hukumar Gwaram, daga wani dattijo manomi. Mun karanta ta a rediyo amma lokaci bai ishe mu ba, shi ya sa muka kawo cikakkiyar amsar a wannan shafi.

Dattijon ya ce bayan kaka ya sayar da buhunan riɗi da ɗan bijiminsa, ya ba ɗansa jari. Yaron ya tafi Kano ya sayo kayan kwamfuta ɗaya-ɗaya, ya haɗa ta da hannunsa, ya buɗe shagon buga takardu a Birnin Kudu. Duk lokacin sanyi aiki yana tafiya sumul. Amma tun da bazara ta shigo, na'urar takan yi gudu da safe, da zarar rana ta take sai ta fara jan ƙafa. Mai son katin biki ko takardar cinikin gona ya gaji da jira, ya tashi ya koma shagon gaba. Wani ya ce wai furosesar jabu ce, sai an sayi sabuwa. Dattijon ya rufe wasiƙarsa da cewa: shin an cuci yaron ne, ko kuwa yaron ne ya cuce shi?

To Baba, kada ka sake sayar da komai tukuna, kuma kada ka zargi kowa. Bisa ga alamun da ka faɗa, zafi ne yake damun na'urar nan. Kayan jabu ba ya jiran azahar kafin ya nuna halinsa.

Ga yadda abin yake. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. 'Yar ƙarama ce, faɗinta bai fi na akwatin ashana ba, amma duk lissafin na'urar a cikinta ake yi, kuma tana aiki tana fitar da zafi. Ana auna gudunta da gigahaz. Masu ƙera ta sun sa mata ma'aunin zafi a ciki. Yawancin na kamfanin Intel iyakarsu wajen digiri 100 ne a ma'aunin Salshiyas, na kamfanin AMD da yawa kuma digiri 95. Idan zafi ya kai nan, ita da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Wadda ke gudun gigahaz 3.5 tana iya saukowa har 0.8. Wannan dabara tana nan tun furosesar Pentium 4 da ta fito a shekarar 2000. Mai shanun huɗa ya san haka: in rana ta yi tsaka, sa yakan rage tafiya ko an kora shi.

Mu kuma a nan ƙasarmu abu biyu ne suke haɗuwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana cika cikin akwatin da ƙura, amma sanyi yana rufa asiri. Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, balle a shago mai rufin kwano. A nan ne ƙurar da ta taru take nuna kanta.

Abu na farko da yaron zai yi shi ne ya auna. Ya danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, a ciki akwai wurin da ke nuna gudun furosesa da yawan aikin da take yi. Sannan ya sa manhajar auna zafi, irin su HWMonitor ko Core Temp, kyauta ake samunsu. Ya rubuta lambobin a takarda da ƙarfe 8 na safe, ya sake rubutawa da ƙarfe 2 na rana, yana cikin aiki. In ya ga zafi ya haura 90 gudu kuma ya faɗi, an gano ciwon.

Amma a lura. Idan na'ura tana zaune ba ta aikin komai, takan rage gudu don tsimin wuta, da an ba ta aiki sai ta tashi. Wannan lafiya ce. Matsala ita ce a ba ta aiki ta ƙi tashi.

Abu na biyu, shara. Ya kashe na'urar, ya zare wayar wuta daga bango, ya buɗe murfin gefe. Kafin ya taɓa komai a ciki, ya fara taɓa ƙarfen akwatin. A kan furosesa akwai wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji, da fanka a samansa. Aikinsa ɗauke zafi. Sau da yawa za a tarar ƙura ta toshe tsakanin haƙoran kamar auduga. Ya share da burushi mai laushi, ya hure da abin hura iska, yana riƙe da fankar da yatsa don kada ta yi ta juyawa. Ban da ruwa, ban da jiƙaƙƙen tsumma. Da ya kunna, ya duba da idonsa ko fankar tana juyawa, kuma wayarta tana soke a gurbin da aka rubuta CPU_FAN.

Abu na uku ya shafi wanda ya haɗa na'ura da kansa. Tsakanin furosesa da ƙarfen nan ana sa wani mai, mai kauri kamar man goge baki, shi ke miƙa zafi daga wannan zuwa wancan. In ya bushe, ko an sa kaɗan, zafi ba ya wucewa yadda ya kamata. A goge tsohon da auduga da ɗan sifirit, a bari ya bushe, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya. Wasu sababbin ƙarafan suna zuwa da siririyar leda manne a ƙasansu, sabon hannu yakan manta bai ɓare ba. Haka kuma ƙarfen Intel na asali ƙafa huɗu gare shi, in ɗaya ba ta shiga raminta sosai ba, zai zauna a karkace. Kuɗin wannan mai bai kama ƙafar kuɗin furosesa ba.

Abu na huɗu, mazauni. Kada a ajiye akwatin a ƙasa inda ake shara, kada a manna shi da bango, kada a rufe shi da zane yana aiki. A ɗora shi a kan tebur, a bar masa kamar taƙi ɗaya ta baya, nesa da tagar da rana ke shigowa. Aiki mai nauyi a yi shi da safe ko da yamma.

To in an auna an ga zafi bai wuce 70 ba, amma gudu yana ƙasa fa? Sai a shiga wurin tsarin wuta na Windows, a duba ko an zaɓi na tsimi, a mai da shi na daidaito. In bai gyaru ba, a shiga BIOS a mai da komai yadda ya zo daga kamfani. Akwai kuma ƙananan kayan da ke kewaye da furosesa a kan babban allo, masu ba ta wuta. Su ma in sun yi zafi sukan sa ta rage gudu, musamman idan an ɗora babbar furosesa a kan allo mai araha. Fanka ɗaya da za ta riƙa hura musu iska takan taimaka. Idan kuwa gudu ya maƙale a 0.8 safe da rana, na'ura kuma da sanyinta, wataƙila ma'aunin da ke kan allon ne yake ba da labarin ƙarya. Wannan sai mai gyara.

In kuma gudu yana sama, aiki ya cika ɗari bisa ɗari alhali ba a buɗe komai ba, to a nemi cutar kwamfuta, wadda filashin masu kawo aiki ke yawo da ita daga shago zuwa shago. Raunin wutar lantarki ko na janareta kuwa ya fi sa na'ura ta mutu ta sake tashi, ba jan ƙafa ba. Duk da haka sitabilaiza tana da amfani.

Saboda haka Baba, ka ba yaron mako guda. Ya auna, ya share, ya sake mai, ya sake aunawa. In bayan haka lambobin ba su canja ba, sai ya ɗauki na'urar da takardar lambobin da rasiɗinsa ya koma wurin wanda ya sayar masa, ya yi magana da hujja a hannu. Yaron da ya iya haɗa kwamfuta da kansa zai iya wannan aikin. Mu kuma muna jiran wasiƙarka ta biyu mu ji yadda aka ƙare.

Sauran masu shaguna a Gwaram da Birnin Kudu da kewaye, ku riƙa share na'urorinku sau ɗaya a tsakiyar hunturu, sau ɗaya kafin bazara ta kama. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.