Tafiyar Kaɗaici A Ƙasar Aislan: Sanyi Ya Fi Wuta Haɗari

Aislan tsibiri ne a arewacin Tekun Atlantika, mai faɗin murabba'in kilomita 103,000. Mutanensa kimanin 390,000 ne, kuma akasarinsu suna zaune a Rekyabik, babban birnin ƙasar, da kewayensa. Tsakiyar tsibirin kuwa fayau take, ba gari ba ƙauye, sai baƙin yashi da duwatsu da ƙanƙara. Wannan filin ne matafiya daga sassan duniya suke ratsawa da ƙafa tsakanin ƙarshen watan Yuni da farkon Satumba, wasunsu su kaɗai, goye da tanti da guzuri. Duk wanda ya ji labarin ƙasar, duwatsu masu aman wuta ne suke fara zo masa a rai. Sai dai bincike kan yanayin wurin yana nuna cewa sanyi ya fi wutar yi wa mai tafiya shi kaɗai barazana.

Asalin Wutar

Ɓawon duniya ya kasu zuwa manyan faifai waɗanda suke motsi a hankali. Aislan tana zaune daidai kan tsagar da ta raba faifan Amurka ta Arewa da na Turai da Asiya, waɗanda suke nisantar juna da kimanin santimita 2 a kowace shekara. Ta wannan tsaga narkakken dutse yake samun hanyar fitowa. Aman Laki na shekarar 1783 zuwa 1784 ya hallaka dabbobi masu yawan gaske, yunwar da ta biyo baya kuma ta kashe kusan kashi ɗaya cikin biyar na jama'ar ƙasar. A shekarar 2010 tokar dutsen Eyjafjallajokull ta dakatar da zirga-zirgar jiragen sama a Turai na kwanaki.

To amma dutse ba ya cika yin amai ba tare da gargaɗi ba. Narkakken dutse idan yana tasowa yakan haddasa ƙananan girgizar ƙasa, ƙasa kuma ta kumbura, kuma hukumar kula da yanayi ta Aislan tana auna waɗannan alamu dare da rana. Shi ya sa aka kwashe mutanen garin Grindavik a watan Nuwamba na 2023, makonni kafin wuta ta fito a kusa da su a watan Disamba. Abin da ya rage wa matafiyi shi ne ya guji kafa tanti a cikin kwari kusa da inda ƙasa take fitar da tururi, domin wasu iskokin da dutse yake fitarwa sun fi iskar shaƙa nauyi, a kwari suke taruwa. Haka kuma kada ya kauce hanya a irin wuraren nan, saboda ɓawon ƙasar yana da rauni, a ƙarƙashinsa kuma akwai tafasasshen laka.

Yadda Sanyi Yake Kisa

Shahararriyar hanyar masu tafiyar ƙafa ita ce Laugavegur, mai tsawon kilomita 55, daga Landmannalaugar zuwa Thorsmork, wadda akan yi cikin kwana huɗu. A watan Yuni na 2004, a tsakiyar lokacin zafin ƙasar, guguwar dusar ƙanƙara ta rutsa da wani matashi ɗan shekara 25 da yake tafe shi kaɗai. Ya rasu a ɗan nesa kaɗan da masaukin matafiya na Hrafntinnusker, inda aka kafa alamar tunawa da shi.

Zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne a ma'aunin Salshiyas. Da zarar ya sauko ƙasa da 35, jiki ya shiga haɗari. Ba sai ruwa ya daskare wannan yake faruwa ba. Jiƙa da iska sun isa. Ruwa yana janye zafin jiki fiye da yadda iska take yi har kusan sau 25, iska mai ƙarfi kuma tana share ɗan ɗumin da ya rage a kan fata. Wannan ne ya sa tufafin auduga, waɗanda suke riƙe gumi da ruwan sama, ba su dace da wurin ba. Ulu da rigar da ruwa ba ya ratsawa su ne abin sawa. Da dare kuma ƙasa tana tsotse zafin mai barci, don haka shimfiɗa mai kauri wajibi ce.

Babbar matsalar ita ce sanyi yana taɓa ƙwaƙwalwa. Da farko mutum zai yi ta makyarkyata, sannan yatsu su kasa ɗaure igiya, magana ta harɗe, tunani ya rikice. Wanda abin ya kama ba ya gane halin da yake ciki, abokin tafiya ne yake lura ya ce a tsaya. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai tafiya shi kaɗai ba shi da wanda zai ga ya fara tangaɗi.

Rigakafi

Tunda haka ne, dole matafiyi ya yanke shawarwarinsa tun hankalinsa yana tare da shi. Ya duba hasashen yanayi kowace safiya, ya haƙura da tafiya idan an yi gargaɗin iska. Ya ƙetare kogunan da suke fitowa daga tsaunukan ƙanƙara da sassafe, domin ƙanƙara tana narkewa da rana, ruwa ya ƙaru da yamma. Ya kuma bar tsarin tafiyarsa a hannun Landsbjorg, ƙungiyar 'yan sa-kai masu aikin ceto, ya riƙe lambar gaggawa 112.

Ƙasar ma tana da nata haƙƙi. Dokar kare muhalli da ta fara aiki a shekarar 2015 ta taƙaita wuraren kwana, kuma a yankunan da aka killace ba a kafa tanti sai a zangon da aka tanada. Gansakukar da ta lulluɓe sandararrun duwatsu takan ɗauki shekaru da dama kafin ta farfaɗo idan aka tattake ta. Kwana a zango yana kare ta, yana kuma sa matafiyi kusa da mutanen da za su tambaya idan gari ya waye ba a gan shi ba.