Yadda kwamfuta mai girman katin ATM ke tuƙa mutum-mutumi

Idan aka ce mutum-mutumi, abin da zai faɗo maka a rai shi ne irin wanda kake gani a fim, mai hannu da ƙafa, yana magana. To wanda ɗalibai da masu sha'awar ƙere-ƙere ke haɗawa a gida bai kai nan ba. Yawanci faranti ne na roba mai taya biyu, da batir, da ƴar ƙaramar kwamfuta a samansa. Ka ajiye shi a tsakar ɗaki ya yi ta yawo, idan ya kusa bango ya tsaya ya kauce. Yaya yake yin haka?

Kwamfutar da aka fi amfani da ita a wannan harka ita ce Raspberry Pi, wadda wata gidauniya a Kambirij ta ƙasar Ingila ta fitar a watan Fabrairun 2012 kan dala 35, domin yara su koyi rubuta manhaja. Allo ne guda ɗaya, girmansa bai wuce katin ATM da yawa ba, amma cikakkiyar kwamfuta ce. Tana aiki da tsarin Linux, wanda ake ɗorawa a kan katin memori irin na waya. Abin da ya bambanta ta da kwamfutar ofis shi ne wasu tsinkayen ƙarfe 40 da ke jere a gefen allon, waɗanda ake kira GPIO. Ta nan take taɓa duniya.

Yawancin tsinkayen nan abu biyu kawai suka iya: su ba da wuta bolt 3.3, ko su ɗauke ta. Haka kuma suna iya sauraro, su faɗa wa manhajarka ko akwai wuta a jikinsu ko babu. Duk wata dabara da za ka ga mutum-mutumin ya yi, daga wannan kunnawa da kashewar aka gina ta.

Ƙwaƙwalwa daban, ƙarfi daban

A nan ne masu farawa suka fi yin asara. Za ka ce ai tunda tsinken na ba da wuta, sai kawai in jona shi da moto, wato ɗan injin da ke juya taya. Kada ka kuskura! Wutar da tsinke ɗaya ke iya bayarwa lafiya ba ta wuce miliamfiya 16 ba, daidai kunna ɗan ƙaramin ƙwan fitila. Shi kuwa moto, ko ƙarami ne, yana jan fiye da miliamfiya 100, idan taya ta maƙale kuma ya ninka haka sau da yawa. Ga wata matsalar: duk lokacin da aka katse wa moto wuta, wayar da ke naɗe a cikinsa tana maido wata wuta mai ƙarfi baya. Wannan kaɗai ya isa ya ƙone tsinken, ko ma allon baki ɗaya.

Shi ya sa ake sa ɗan tsakani, wani ƙaramin allo kamar L298N. Kwamfuta ta aika masa umarni da ƴar wutarta, shi kuma ya ɗebo wuta daga batir ya ba moton. A cikinsa akwai makunnai huɗu ga kowane moto, an jera su kamar harafin H, moton yana tsakiya. Idan aka kunna na saman hagu da na ƙasan dama, wuta ta bi ta cikin moto ta gefe ɗaya, taya ta yi gaba. Aka kunna ɗaya biyun, wutar ta juya, taya ta yi baya. Babu sitiyari a nan. In kana so ya karya kwana, sai tayar hagu ta yi gaba, ta dama ta tsaya ko ta yi baya.

To gudu fa? Tunda tsinken bai iya ba da rabin wuta ba, sai a yi wayo: a riƙa kunnawa ana kashewa kamar sau 100 a daƙiƙa ɗaya. Idan rabin lokacin a kunne yake, moton zai ji kamar rabin ƙarfi aka ba shi, domin nauyin tayar ba zai bar ta ta tsaya tsakanin kunnawa biyu ba. Wannan dabara ita ake kira PWM. A harshen Python akwai tarin umarni da aka riga aka shirya mai suna gpiozero, wanda layi ɗaya ya isa ka ce ya yi gaba da rabin gudu.

Yadda yake gane bango

Na'urar da aka fi sa masa a goshi ita ce HC-SR04, mai kama da idanu biyu. A gaskiya ɗaya baki ne, ɗaya kunne. Bakin yana fitar da sauti mai kaɗawa sau 40,000 a daƙiƙa, wanda kunnenka ba zai ji ba, sautin ya daki bango ya dawo. Dabarar jemage kenan. Kwamfuta tana auna lokacin da amsa-kuwwar ta ɗauka, ta ninka da gudun sauti, sannan ta raba biyu, saboda zuwa da dawowa ne. Bangon da ke nisan santimita 20, amsarsa na dawowa cikin ɗan abin da ya haura kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa.

Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Adadin da za ka gani a yawancin darussa, mita 343 a daƙiƙa, gudun sauti ne a iska mai zafin digiri 20. Duk ƙarin digiri ɗaya yana ƙara kusan mita 0.6. A zafin watan Afrilu a Sakkwato ko Yamai, inda ake kai digiri 40, gudun ya kusa mita 355. Idan ba ka gyara lissafin ba, abin da ke nisan mita ɗaya zai bayyana ya fi kusa da kamar santimita uku.

Ka kula kuma, na'urar nan da bolt 5 take maido amsa, tsinken kwamfutar kuwa 3.3 yake jurewa. Rasista biyu, mai om 1,000 da mai om 2,000, sun isa su rage wutar zuwa daidai. Kuɗinsu bai taka kara ya karya ba idan ka kwatanta da kuɗin sabon allo.

Manhajar kanta zagaye ne kawai: auna nisa, idan ya gaza santimita 20 ka tsaya ka juya, in ba haka ba ka ci gaba, sannan ka sake aunawa. Sai dai Linux na gudanar da ayyuka da yawa lokaci guda, wani sa'in hankalinsa yana wani wuri sanda amsar ta dawo. Jinkirin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa kuskuren santimita 17 ne. Saboda haka ake aunawa sau da yawa a ɗauki na tsakiya, ko a damƙa aikin awon ga ƙaramin allo irin Arduino ko Raspberry Pi Pico, waɗanda aiki ɗaya tak suke sa wa gaba.

Kafin ka jona batir

Ka ba kwamfutar wutarta daban. Batirin cajin waya na tafi-da-gidanka mai bolt 5 ya wadatar. Idan ta yi tarayya da moto, da zarar taya ta tashi wuta za ta faɗi, kwamfutar ta mutu ta sake tashi, wani lokacin har katin memorin ya lalace. Amma dole ka haɗa wayar ƙasa ta ɓangarorin biyu, in ba haka ba L298N ba zai fahimci umarnin ba.

Gwajin farko kuma ka ɗora mutum-mutumin a kan kofi ko bulo, tayoyinsa na lilo a iska. Idan ka ce gaba sai ka ga taya ɗaya tana baya, babu abin da ya lalace. Musanya wayoyin moton biyu, shi kenan.