In Sukarin Tsoho Ya Haura: Ƙishirwar da Ba A Wasa da Ita

A gidaje da yawa buta ce ke fara ba da labari. Baba da a da in ya kwanta sai kiran asalatu, yanzu sai ya tashi sau biyar sau shida ya zaga, ya dawo ya kafa kai a randa. Da safe a tarar tururuwa ta yi dandazo inda ya yi fitsari. Kwana kaɗan leɓe ya bushe, harshe ya koma kamar kirgi, ya fara kiran jikansa da sunan ƙaninsa da ya rasu tuntuni. Wani ya ce gigin tsufa ne, wata ta ce a kira malam, autan gida kuwa ya ruga shago ya sayo lemon kwalba "don Baba ya ji ƙarfi". Ga mai ciwon sukari, wannan lemo ƙara wa Barno dawaki ne, kuma yana iya zama ajali.

Mai lafiya in ya wayi gari bai ci komai ba, awon sukarinsa na tsakanin 70 da 99 a ma'aunin mg/dL. Da ya haura kimanin 180 sai ƙoda ta kasa riƙe shi, ta riƙa zubar da shi cikin fitsari. Shi kuwa sukari ba ya fita shi kaɗai, sai ya ja ruwan jiki sun tafi tare. Ruwa na raguwa, jini na kauri, sukari na daɗa hawa, har ya kai 600 ko fiye. A nan ne ƙwaƙwalwa ke rikicewa: sambatu, barci ba ƙaƙƙautawa, jijjiga, wani lokaci ɓarin jiki ya saki, daga nan sai doguwar suma. Abin kan ɗauki kwanaki ko makonni yana ruruwa, kuma tsofaffi ya fi kamawa.

Akwai ɗan'uwansa mai gaggawa. In insulin ya yi ƙaranci ƙwarai, jiki kan koma ƙona kitse, guba mai tsami ta taru a jini. Alamominsa amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, da warin baki kamar na 'ya'yan itacen da suka nuna suka wuce misali. Wannan a yini guda yana iya kayar da mutum.

Sukari ba ya haurawa haka siddan. Sau da yawa wata cuta ce a ƙarƙashi: zazzaɓin cizon sauro, ciwon huhu, cutar mafitsara, ko gyambon ƙafa da Baba ya ɓoye cikin safa. Wani maganinsa ne ya ƙare ba kuɗin saye, wani ya ajiye ƙwaya ya koma ruwan shuwaka, wai ɗaci ke kashe zaƙi. Wani kuma dexamethasone ko prednisolone ya karɓo a kemis saboda ciwon gwiwa, alhali suna ɗaga sukari sosai.

Matakin farko shi ne awo, domin ruɗewa na zuwa ko sukari ya hau ko ya faɗi. In ya sauka ƙasa da 70, ga zufa ga makyarkyata, to a nan ne zaƙi ke zama magani. In kuwa ya kai 300 ya ƙi sauka, ko na'ura ta nuna "HI", wato ya fi ƙarfin ƙidayarta, ko aka ga amai da ruɗewa, to sai asibiti, ko da tsakar dare ne. A duba ma'aunin na'urar: 300 daidai yake da kusan 17 a mmol/L, ko giram 3 a lissafin da aka saba da shi a Nijar.

Kafin a samu mota, in yana cikin hayyacinsa a riƙa ba shi ruwa zalla kaɗan-kaɗan. In ya suma, kada a ɗura masa komai, ko rubutu ne, don kada ya shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a yi masa tofi a hanya. Kada a ninka masa ƙwaya ko allura da ka. A kwashi duk magungunansa a leda a tafi da su. A asibiti ƙarin ruwa ake fara yi, sannan insulin a hankali ana lura da gishirin jini, domin saukar da sukari farat ɗaya shi ma haɗari ne.

Ko a watan azumi, likitocin da suka tsara ƙa'idojin Ramadan ga masu wannan ciwo sun ce in awo ya haura 300 a karya. Iyayenmu kuwa akwai kawaici, "da sauƙi" za su ce ko suna jin jiki. Saboda haka ɗa nagari ba ya tsayawa a "Baba, ya jiki?" Yakan duba ƙafa, ya ƙirga ƙwayoyin da suka rage, ya kuma tambayi Inna sau nawa aka cika buta daren jiya.