Ziyarar Tsohon Sha'iri a Matsayin Tushen Nazari, da Giɓin da Ke Ƙasar Kura da Bunkure

Mafi yawan abin da aka sani game da rayuwar marubuta waƙoƙin Hausa na ƙarni na ashirin daga zaure aka samo shi. Wani ɗalibi ne ko malamin jami'a ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya yi gaisuwa, ya ajiye goro, sa'an nan ya nemi izinin kunna rikoda. Daga baya bayanin ya shiga kundin digiri, daga kundi ya shiga littafi, daga littafi kuma ya koma bakin ɗalibai a matsayin tabbataccen tarihi. A kan wannan hanya ake manta cewa asalinsa hira ce, mai rana da yanayi, kuma dattijon da ya yi maganar ya san wanda ke sauraronsa. Wannan maƙala ta ɗauki irin wannan ziyara a matsayin tushen nazari mai zaman kansa, ta dubi abin da take bayarwa da inda take yaudara, sa'an nan ta juya ga yankin noman rani na Kura da Bunkure, inda bukatarta ta fi gaggawa.

Misali mafi kusa shi ne na Alhaji Aƙilu Aliyu, wanda aka haifa a Jega a 1918, ya yi karatu a Kano, ya daɗe a Borno, ya komo Kano ya zauna har rasuwarsa a 1999. Dalhatu Muhammad ya zauna da shi, ya tattara waƙoƙinsa ya tace su a littafin Fasaha Aƙiliya, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1977, kuma a wannan shekarar ya kammala kundin digirinsa na uku a Landan a kan fasahar sha'irin. Abin lura shi ne Aƙilu bai cika shekara sittin ba a lokacin. An same shi ƙwaƙwalwa na nan daram, murya ba ta dushe ba. Ga mawaƙin da ya debo kalmomi daga Hausar yamma da ta Kano, ya ratsa Borno, ya ƙware wajen wasa da harshe da farfaɗo da kalmomin da suka kwanta, wannan ba ƙaramar sa'a ba ce. Akwai kalmar da ƙamus ba zai warware ba sai mai ita. Akwai habaicin da aka yi wa wani mutum a wata rana ta siyasar NEPU, wanda in mai waƙar bai buɗe baki ba, manazarci zai ɗauke shi a matsayin wa'azi ga kowa da kowa, ya rubuta shafi uku a kan jigon da ba shi ne ba.

Abu na farko ke nan da ziyara ke bayarwa, wato musabbabin waƙa. Hanyar feɗe waƙa da Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa ta sa bin diddigin waƙa da tarihin mai ita a sahun farko, kuma ɗalibai sun haddace wannan mataki. Sai dai sau da yawa akan cika shi da kwafo abin da wani kundi ya faɗa, ba tare da an tambayi yadda kundin farko ya samo shi ba.

Abu na biyu shi ne murya, kuma a nan ne lamarin ya fi zurfi. Rubutacciyar waƙar Hausa don a rera ta aka yi ta. Takarda tana riƙe kalmomi da amsa-amo, amma ba ta riƙe inda mawaƙi ke jan gaɓa, da inda yake haɗiye wasali don kari ya daidaita, da inda yake numfasawa. Tun daga maƙalar Greenberg ta 1949 zuwa ta M.K.M. Galadanci ta 1975 a mujallar Harsunan Nijeriya, an tabbatar da cewa arulin Larabci ya yi tasiri a kan karin waƙoƙin Hausa. Amma da masana irin su Dalhatu Muhammad da Russell Schuh suka karkata ga sauraron rerawa, sai tambaya ta sake fuska: shin wasu karuruwan da ake auna su da ma'aunin Larabci ba daga kiɗa da waƙar baka suka taso ba? Waƙoƙin Imfiraji na Aliyu Namangi suna tsakiyar wannan muhawara. Ba a iya yanke hukunci a kanta daga shafin littafi. Sai an ji mai waƙar, ko wanda ya karɓa daga bakinsa.

Namangi, wanda ya rayu a Zariya har zuwa 1990 yana da shekaru casa'in da ɗoriya, ya sa dole a sake tunani a kan kalmar matani ita kanta. Makaho ne. A zuci ya tsara baitocinsa, wasu suka rubuta. Ke nan kowane kwafi na Imfiraji, na ajami ko na boko, sakamakon wani zama ne da aka yi a gabansa ko a gaban wanda ya haddace. A gefe guda kuma ga makafi mabarata da suka yaɗa waƙoƙin a kasuwanni da tashoshin mota, kowa da ɗan abin da harshensa ya sauya. Idan aka sami saɓani tsakanin bugu biyu, ba lallai ne ɗaya kuskure ne ba. Yana yiwuwa mawaƙin ne ya gyara ɗangonsa tsakanin zama da zama, domin mai waƙa muddin yana raye bai gama da waƙarsa ba. Wannan shi ne abu na uku, kuma wanda ya ziyarci dattijo sau ɗaya tak ba zai taɓa ganin sa ba.

Darajar wannan duka tana fitowa idan aka dubi wanda bai tsufa ba. Sa'adu Zungur ya rasu a 1958 yana ɗan shekara arba'in da 'yan kai, kafin nazarin Hausa ya kafu a jami'o'in ƙasar nan. Abin da aka sani game da shi ya biyo ta hannun waɗanda suka zauna da shi, musamman littafin Malam Aminu Kano na 1973, da aikin Ɗandatti Abdulƙadir na 1974. Ayyuka ne masu daraja, amma tunawar aboki da abokin gwagwarmaya ce, ba amsar mai waƙa ba.

To sai dai zaure ma yana da nasa tarko. Dattijon da aka yi ta yi wa tambaya ɗaya shekara talatin, amsarsa takan goge ta yi sumul kamar dutsen rafi. Labarin yadda ya fara waƙa yakan zama shi ma wata waƙa, mai mabuɗi da marufi. Wanda ya yi tsawon rai irin na Mudi Sipikin, da aka haifa a 1930 ya rasu a 2013, ya ga jamhuriya ta farko da mulkin soja da abin da ya biyo baya, kuma duk mai irin wannan tsawon rai yana duban waƙar ƙuruciyarsa ne ta tagar abin da ya faru daga baya. Ba ƙarya ba ce. Halin tunawa ne. Aikin manazarci shi ne ya riƙa ajiye ranar kowace hira, ya gwada ta da ta baya, ya gwada su duka da takardun zamanin, kamar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Wahalar ita ce tarbiyya ba ta yarda yaro ya ƙure babba ba. Ɗalibi ba zai dubi sa'an kakansa ya ce masa bara ba haka ya faɗa ba. Masu dabara sukan bi ta bayan gida: "Allah ya gafarta Malam, kamar wancan zuwan an ambaci wani gari dabam, ko kunnena ne?" Wasu kuma sukan karanta masa baitinsa yadda yake a wani tsohon kwafi, su yi shiru. Mawaƙi ba ya iya jure jin ɗangonsa a karkace, zai gyara, kuma a cikin gyaran ne ake jin abin da tambaya kai tsaye ba za ta fito da shi ba. Akwai kuma iyakar da zaure ya gindaya. Namiji baƙo a nan yake tsayawa. Da Beverly Mack ba ta shiga cikin gida ba, da waƙoƙin Hauwa Gwaram da Hajiya 'Yar Shehu ba su fito a Alƙalami a Hannun Mata a 1983 ba.

Idan aka jera waɗannan sunaye, abu ɗaya zai bayyana. Kusan dukkansu mazauna birni ne, kusa da jami'a da gidan rediyo da maɗaba'a. Ƙungiyar Hikima ta Mudi Sipikin, wadda Graham Furniss ya nazarta a shekarun 1970, a birnin Kano take, kuma rediyo ce ta kai muryar 'ya'yanta nesa. Manazarci yakan je inda ya ji suna, suna kuma yakan fito daga inda akwai makirufo. Garuruwan karkara, inda malamai ke tsara bege da wa'azi da marsiyya cikin ajami suna rerawa a Mauludi da zaman makoki da makarantun dare, sun samu kaso kaɗan na wannan kulawa.

A cikin irin waɗannan garuruwa, Kura da Bunkure suna da matsayi na dabam. Kura, wadda ke kan hanyar Zariya kudu da Kano, tsohon garin marina ne, wanda turkuɗinsa ya kai har ga Buzaye a hamada. Gari ne da ya san fatauci da baƙi da malamai tun kafin zuwan Turawa. Sai kuma aka gina madatsar ruwa ta Tiga tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwa ta babbar magudana zuwa Ruwan Kanya, daga nan ya gangara gonakin Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam. Kashin farko na shirin an tsara shi ne a kan kimanin hekta 22,000, kuma daga 1976 ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. An baje gonaki, an sake yanka su, an sake rabawa. Alkama da tumatir da shinkafa suka shiga inda gero da dawa da gyaɗa suka saba zama. Masana zamantakewa irin su Tina Wallace da Cecile Jackson sun zo sun yi bincike a kan abin da shirin ya yi wa ƙananan manoma da mata, amma tambayoyinsu na gona ne da ƙwadago da kuɗi.

Abin da ya shafi mai nazarin adabi shi ne ruwan Tiga ya taɓa kalandar da waƙar Hausa ta ginu a kai. A al'ada damina ce lokacin aiki da rahama, rani kuwa lokacin fari da ƙura, amma kuma lokacin sarari: na cin rani da fatauci, na tafiyar almajirai, na saƙa da rini, na bukukuwa, na doguwar hira a dandali. A wannan sararin ne ake tsara waƙa, ake kwafe ta, ake haddace ta. Siffantawar mawaƙa ma a kan wannan rabo ta dogara. Waƙar Damina ta Na'ibi Sulaimanu Wali tana samun ƙarfinta ne daga yadda mai sauraro ya san ƙuncin da ke gabanin saukar ruwan farko, haka kuma mawaƙan wa'azi da ke kwatanta tashin matattu da tsirowar ƙasa bayan bushewa. To yaya wannan hoto yake a idon wanda ya wayi gari ya ga gonarsa kore shar a tsakiyar hunturu, ruwan kuma ba daga gajimare ya zo ba, daga ƙofar ƙarfe ya zo, wadda ma'aikaci ke buɗewa ya rufe? Da wace kalma ya kira wannan ni'ima, kuma wa ya gode wa, wa ya yi wa habaici a ranar da ruwa bai iso ƙarshen magudana ba? Waɗannan tambayoyi ne na jigo da salo, ba na tattalin arziki ba, kuma mutum iri ɗaya ne zai iya amsa su: wanda ya yi waƙa kafin ruwan ya zo, ya kuma yi bayan zuwansa.

Lissafin shekarun irin wannan mutum ba shi da wuya. Wanda yake ɗan shekara ashirin a 1974 yanzu ya haye saba'in. Wanda ya riga ya zama malami mai almajirai a lokacin, in yana raye, ya doshi casa'in. Ba a kan ganiyarsa za a same shi ba, yadda aka sami Aƙilu. Za a same shi ne a matakin da murya ta yi rauni, baiti na bakwai yana shiga cikin na goma, labari kuma ya riga ya goge. Saboda haka zama ɗaya ba zai wadatar ba, kuma dole a nemi almajiransa da matan gidan, domin sau da yawa karin da ya kuɓuce wa tsoho yana nan a bakin 'yarsa da ta ji shi tana ƙarama.

Hatta lokacin zuwa sai an sake shi. Ɗalibin da ya saba da cewa rani ne lokacin samun mutanen karkara a gida zai isa Kura a watan Janairu ko Fabrairu ya tarar da zaure babu kowa. Ana ban ruwan alkama, ana tsinkar tumatir, kwanduna na jiran mota a Kwanar Gafan, kuma jikan da zai yi wa baƙo iso ya kuma ɗauko gafakar kakansa yana gona tun asuba. Ɗan sararin da ya rage shi ne na bazara, bayan an yanke alkama a Maris ko Afrilu, kafin a shiga shirin shinkafar damina.

Ita kuwa gafakar, a ɗauki hoton kowace takarda da ke cikinta a ranar da aka buɗe ta, tare da muryar mai ita yana karantawa, a rubuta kwanan wata da sunayen waɗanda ke zaune. Takardun ajami ba su da lambar shafi, sai kalmar da ake sawa a ƙasan warƙa don nuna wadda ke biye, kuma ba kowane mai kwafi ne ke sa ta ba. Ranar da aka raba gado, warƙoƙin sukan rabu tsakanin 'ya'ya a matsayin tabarruki, wasu su tafi Kano, wasu su zauna a ƙasan akwati inda gara ke jira, kuma wanda ya san wace ce ke bin wace an riga an kai shi makwancinsa.