Akori-kura da abin da take ja: lissafin da ba mu yi

Kwanakin baya da na je gida Ringim, wani ƙanena ya nuna mini Hilux ta hannu da ya saya, tare da tirela mai ƙafa biyu da wani mai walda ya ƙera masa, domin ya riƙa kwasar hatsi zuwa Gujungu, ranar Alhamis kuma ya leƙa Maigatari. Na tambaye shi buhu nawa tirelar za ta ɗauka, sai ya ce, "Yaya, ai in dai mota ta tashi da kaya, to ta ɗauka." Wannan magana tasa ita ce ma'aunin da akasarin direbobinmu ke aiki da shi, ita ce kuma nake ganin ya kamata mu sake dubawa.

A matsayina na ɗalibin harshe, bari in fara daga kalma. Da muka ari "tirela" daga Turanci sai muka faɗaɗa ma'anarta ta haɗiye kai da bodi gaba ɗaya, alhali a wurin masu kalmar abin da ake ja kawai ake nufi. Haka "lodi", ba ta bambanta abin da mota ta goya da abin da take ja. Ba na ɗora wa harshe laifin haɗari, amma abin da baki bai rarrabe ba, da wuya lissafi ya rarrabe shi.

Su kuwa masu ƙera mota adadi daban-daban suke bayarwa. Hilux ta zamani tana goya kimanin tan 1 a bayanta, kuma direba da yaran mota da duk wanda ya ɗare sama suna cikin wannan adadi. Ja kuma, wasu samfuranta kan kai kilo 3,500, amma bisa sharaɗi guda: sai tirelar tana da nata birkin. Idan babu, iyakarta kilo 750. Mai karatu ya gaya mini, tirela nawa daga cikin waɗanda ake haɗawa a bakin hanya ke da birki?

To, mu yi lissafin na ƙanen nawa. A ce tirelar ba komai a cikinta tana da kilo 300. Saura 450, wato buhu huɗu da rabi na mai kilo 100. Shi kuwa buhu goma sha biyar yake niyyar lodawa, jimilla kilo 1,800, fiye da ninki biyu na abin da aka yarje masa. Ko shakka babu motar za ta tashi, domin inji ba ya gardama a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu, kuma nan ne yaudarar take. Ranar da saniya ko ɗan makaranta ya gitta masa, birkin da aka auna domin mota ɗaya shi zai tsayar da biyu, kayan da ke baya kuma su ingizo shi gaba.

Akwai kuma batun inda aka ɗora nauyin. Ƙa'idar da aka saba ita ce kimanin kashi 10 cikin 100 na nauyin tirela ya sauka a kan ƙugiyar da ta haɗa ta da mota. Idan aka jibge kaya can baya, ƙugiya ta yi sakayau, tirela sai ta shiga lilo da zarar an taka wuta. Idan kuma aka cika su gaba, gindin mota ya zauna, ƙafafun gaba su yi sauƙi, sitiyari ya daina jin magana. Wannan kilo 180 da ke kan ƙugiya kuwa daga cikin tan ɗayan nan ake cire shi.

A Amurka, inda mutane ke jan ɗakin kwana mai ƙafafu zuwa yawon hutu, mai saye yakan karanta takardar nauyi da ke manne a jikin ƙofar direba kafin ya taya tirela. A can ne kuma gwajin hanya da aka yi a jihar Illinois tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa ninka nauyin da ke kan gatarin mota sau biyu yana ninka ɓarnar da yake yi wa kwalta kimanin sau 16. Layin dogon Kano zuwa Nguru da ya ratsa Ringim tun 1930 an shimfiɗa shi ne domin irin wannan nauyi. Yau kwalta ce ke ɗaukarsa.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana kama masu lodin da ya wuce kima, sai dai ido ba sikeli ba ne. Da za a girka ma'aunin mota a bakin kasuwar Gujungu, ƙungiyar direbobi kuma ta wajabta wa masu walda rubuta nauyin kowace tirela a jikinta, da direba ya san adadinsa kafin ya ɗaure igiya. Ƙanena dai ya yarda ya tsaya a buhu huɗu har ya sami kuɗin sa birki, ko da yake ya ce sawu huɗu zai riƙa yi, kuma man fetur ɗin a kaina.